Filin Tambayi Bakanike: Fankar haidirolik ta motar gida da kwantirolarta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya aiki ya jama'a. Ni dai a Amurka nake zaune, ina da irin motar nan mai ɗaki da kicin da banɗaki a ciki wadda ake tafiya da iyali ana kwana a cikinta, inji a baya yake, dizal ne Cummins 8.3, lagireton kuma a gefen motar yake. Matsalata ita ce in ina kan shimfiɗaɗɗiyar hanya lafiya lau allurar zafi tana nan wajen digiri 190 na ma'aunin Fahrenheit bata motsi, amma da na fara hawan dutse sai ta dinga hawa tana hawa, kwanakin baya a hanyar I-70 ta Colorado saida ta haura 220 fitila ta kawo na tsaya a gefe, kuma abinda na lura dashi shine da can in zafi ya tashi ina jin fankar tana ruri sosai a baya, yanzu shiru, tana dai juyawa amma a hankali. Wani ya ce mun kwantirolar fanka ce in canza kawai. Shine nace bari in tambaye ka, zan iya canzawa da kaina ko sai na kai gareji? Allah ya ƙara basira.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, amin na gode. Ka kyauta da ka tsaya a gefe baka matsa wa injin ba, dan obahitin ɗaya mai kyau ya isa ya ƙona gasket ko ya lanƙwasa top silinda, kuma wannan hanyar da ka ambata ba wasa bace, wajen ramin Eisenhower, inda hanyar ta ratsa cikin dutse, tsayin ya haura ƙafa 11,000, iska a can sama bata da kauri so ko fanka lafiyayya ma tana shan wahala kafin ta sanyaya lagireto.

Eh zaka iya canzawa da kanka in kana da hannu a gyara. Amma dan Allah kar ka sayi komai tukuna. Wanda ya ce maka kwantirola ce zai iya yin gaskiya, saidai daga nesa ya faɗa, kuma abubuwa da yawa suna kawo wannan alamar taka iri ɗaya sak.

Bari in fara da yadda abin yake aiki dan in ka gane shi gwajin ma da kanka zaka tsara. Motar da lagiretonta yake gefe, bel ba zai iya kaiwa ga fankar kai tsaye ba tunda ba a layi ɗaya take da injin ba, shi yasa a motoci da yawa aka koma wa mai. Akwai famfo a jikin injin yana turo man haidirolik da ƙarfi ta tiyo zuwa wata 'yar mota da ke tsakiyar fankar, wato moto mai juyawa da ƙarfin mai, man ya juya ta ya koma tanki, a motoci da yawa ma tankin ɗaya ne da na sitiyari. To ita kwantirola aikinta kawai ta yanke yawan ƙarfin man da zai shiga motar fankar, in inji da sanyi ta bar yawancin man ya zagaye ya koma, fanka na juyawa a hankali, in zafi ya tashi ta toshe hanyar zagayen, ƙarfin mai ya ƙaru fanka ta ɗau wuta. Shikenan.

Iri uku zaka iya tararwa. Na farko tsohon yayi, bawul mai kaki a ciki, ana ɗaura shi a jikin bututun ruwan inji, ba waya ko ɗaya, ƙananan tiyon mai biyu ne kawai a jikinsa, in ruwa ya yi zafi kakin ya kumbura ya tura wani ɗan tsinke ya rufe hanyar man. Na biyu akwatin lantarki ne da bawul ɗinsa, yana karɓar labari daga sansa, galibi ɗaya na ruwan inji ɗaya na iskar da ta fito daga intakula, wato abin da ke sanyaya iskar da zata shiga inji, wasu har da na esi, irin wannan Sauer-Danfoss sun yi su da yawa, kamfanin da tun 2013 ya koma amsa sunan Danfoss kawai, na faɗa maka ne dan in kaje neman kaya kar sunan ya ruɗa ka. Na uku kuma babu akwati daban, kwamfutar injin ce da kanta take aika sigina zuwa solonoid ɗin da ke jikin motar fankar, wato bawul ɗin da wuta ke sarrafawa. Ka leƙa ka ga wanne gareka kafin komai.

Yanzu ga abinda nafi so ka riƙe. Yawancin masu lantarkin nan an ƙera su ne yadda in wuta ta yanke fanka zata tafi ƙarshen gudu, da gangan aka yi haka dan in waya ta tsinke a hanya gara fanka ta dame ka da ƙara da inji ya ƙone. Ma'ana wutar da kwantirola ke aikawa ta rage gudu ce. To kaga wannan ya baka gwaji kyauta: inji a kashe, ka zare soket ɗin solonoid ɗin ko na kwantirolar, ka tada mota, ka sa wani ya ɗan taka totur har juyin inji ya kai wajen 1,500 a minti. In fanka ta tashi da ruri irin wanda ka saba ji, to alhamdulillah famfo lafiya, motar fanka lafiya, mai na zagayawa, laifin yana ɓangaren mai bada umarni, ko sansa ko waya ko ita kwantirolar. In kuwa ka zare soket fanka ta ci gaba da juyin kasalarta, to ko ka sa sabuwar kwantirola fil ba abinda zai canza sai dai in bawul ɗin cikinta ne ya maƙale a buɗe, sauran masu laifin sune famfo da ya gaji, motar fanka da ke zubar da mai ta ciki, filta da ta toshe, ko man da ya yi ƙasa. A nan sai an sa agogon auna ƙarfin mai a layin, kuma wannan kam aikin gareji ne in baka da kayan.

In mai kaki ne naka, gwajin shine a toshe ƙaramin layin man da ke zuwa wajensa da murfin ƙarfe na haidirolik, fanka ya kamata ta tafi ƙarshe. Inji a kashe ake kwancewa a toshe, kar a yi da inji na aiki.

To a ce fanka ta yi ruri da ka zare soket. Har yanzu da sauran magana. Ka duba sansa, dan sansar da ta lalace tana iya gaya wa kwantirola cewa ruwa 170 ne alhali ya kusa tafasa, ita kuwa abinda aka faɗa mata take bi. Ka auna sansar da mita tana sanyi ka sake aunawa tana zafi, lambar dole ta canza sosai, in ta tsaya cak ko tana tsalle-tsalle ka samo ɓarawon. Ka buɗe soket ka haska da tocila, in kaga koren tsatsa a bakin fil ɗin ko fil ɗaya ya nutse baya, wannan kaɗai ya isa, wajen nan fa bayan tayoyin baya ne, ruwa da laka da gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara duk nan suke sauka. Ka duba wayar at da fis. Sai duk waɗannan sun fita lafiya sannan zan yarda a ce kwantirola.

Sannan kar ka manta da shi kansa lagireton. Intakula ce a gabansa, tsakaninsu datti yake taruwa da maiƙo da ƙura har su zama kamar tabarma, daga waje kuma ba zaka gani ba sai ka sa fitila ta baya ka duba ko haske na ratsawa. Naka dai tunda ka ce rurin fankar ne ya ɓace inaga matsalar ta fanka ce da gaske, amma tunda ka riga ka shiga ƙarƙashin motar ka wanke shi, da ruwa mara ƙarfi sosai dan kar ka kwantar da ganyen.

Wajen saye, lambar da ke jikin tsohuwar ita zaka bi, ka ɗauke ta hoto, ka haɗa da lambar shasi ka kira masu shasin, ko Freightliner ne ko Spartan ko wane ne naka. Kwantirola biyu zasu iya kama da juna kamar an tsaga kara amma saitin zafin da ke cikinsu daban, ɗaya ta fara tada fanka da wuri ɗaya sai can, saboda kowane mai haɗa mota da injin da lagireton da ya zaɓa. Kar ka saya dan ta yi kama.

Ranar aikin kuma ga yadda zan yi in nine. Mota a wuri mai daidai, birkin fakin a ɗaure, a sa wa tayoyi katako, inji ya huce sarai ba wai ya ɗan sha iska ba. Ka cire kan batirin shasi, makulli kuma a aljihunka, wannan kar ka raina shi, motar nan tsawonta ya kai ƙafa 35 ko 40, wanda ke gaba baya ganinka baya jinka, yaro ko uwargida zasu iya murɗa makulli dan kunna wani abu hannunka na cikin fanka. In kana da jannareto mai tashi da kansa shima ka kashe saitin. Kuma kar ka shiga ƙarƙashi kana dogaro da balan-balan ɗin iska na sasfenshon ko jak ɗin daidaita mota, iska na iya sauka lokaci ɗaya, ka sa ƙafafun ƙarfe masu ɗaukar nauyin.

Kafin ka taɓa noti ko ɗaya ka wanke wajen tas. Nan ne mutane suke ɓata aiki, hanyoyin man da ke cikin bawul ɗin nan ƙanana ne sosai, ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga zata iya maƙale sabuwar kwantirolar a ranar farko, sai mutum ya ce an sayar masa da jabu alhali shi ya zuba mata ƙasa. Ka fesa abin wanke maiƙo, ka goge, ka bari ya bushe. Ka ɗau hoto ta kowane ɓangare, ka naɗa wa kowane tiyo salatif ka rubuta lamba, ka rubuta irinta a jikin tsohuwar, sannan ka duba haruffan da aka buga a bakin kowace ƙofa, irin su P da T, P ce mai ƙarfin da ke zuwa daga famfo T kuma mai komawa tanki, in ka juya su fanka ba zata yi daidai ba kuma kana iya fasa sil.

Da sifana biyu ake kwance tiyo, ɗaya ta riƙe ɗaya ta murɗa, in ba haka ba tiyon zai murɗe ta ciki. Ka sassauta a hankali da tsumma a kai ko akwai sauran ƙarfi a layin. Kowane tiyo ka cire ka rufe bakinsa nan take da murfi mai tsabta, kar ka cusa tsumma dan zaren yana shiga, ka ɗaga bakin sama, ka aje roba a ƙasa dan tankin yana sama da wajen mai zai ta bin layi yana zuba. In akwai kawunan ƙarfe da zaka ɗebo daga tsohuwa zuwa sabuwa, ka sa musu sabbin zoben roba, ka shafa musu ɗan mai, kuma irin waɗannan ba a naɗa musu farin zaren famfo, zoben ne yake rufewa, zaren in ya gutsure cikin bawul zai tafi. Ka fara ɗaura kowanne da hannu har ya zauna kafin sifana ta taɓa shi, jikin bawul ɗin sau da yawa alminiyom ne, da ka matsa da ƙarfin tsiya zaren ya tafi.

In mai kaki ne akwai ƙarin aiki, sai ka rage ruwan lagireto ya sauka ƙasa da inda bawul ɗin yake, ka tara shi a abu mai tsabta mai murfi dan guba ne ga yara da dabbobi, bayan ka gama ka mayar ka fitar da iska.

Da ka haɗa komai ka cika tanki, ni da zan canza filtar man ma a lokacin tunda an riga an buɗe layi. Ka tada inji a silo, minti ɗaya ko biyu ka kashe ka duba mai, zai sauka, ka ƙara. In tankin ɗaya ne da sitiyari ka juya sitiyarin dama da hagu a hankali har ƙarshe sau da dama dan iska ta fita, in kaga man ya yi kumfa ko famfo na kuka ka kashe ka bari ya kwanta. Sannan ka fita gwaji inda akwai ɗan hawa, taga a buɗe ko wani ya zauna a ɗakin baya, abinda kake so ka ji shine fanka shiru da sanyi, in allura ta haura inda tamostat ya gama buɗewa ta fara tashi, allura ta dawo ƙasa, fanka ta lafa.

Abu na ƙarshe, ko bayan gyara, in kana hawan dutse ka rage giya da kanka inji ya riƙa juyawa wajen 2,000, dan famfon man da famfon ruwa duk da gudun inji suke tafiya, in ka bar shi yana nishi a babbar giya zafi na ƙaruwa sanyaya na raguwa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni tawa akasin haka ce, tunda na tada motar da safe fanka take ihu kamar jirgi zai tashi ko inji bai yi zafi ba, in na bi ta hanyar ƙasa ƙura har bana ganin baya. Maigidana ya ce a barta haka ai gara ma, sanyi ya fi zafi. Gaskiya ne?

AMSA: Hajiya barka kadai. Maigida yana da rabin gaskiya, in a hanya abin ya same ku to ku ci gaba da tafiya har ku isa, ba abinda zai ƙone. Amma a barta haka wata da watanni, a'a. Ƙarfin da fanka ke ci baya tafiya daidai da gudunta, in gudu ya ninka biyu ƙarfin da take zuƙa daga inji yana ninkawa wajen takwas ne, so fankar da ke ƙarshen gudu kullum tana cin doki masu yawa, zaki gani a mai, zaki ji motar ta yi nauyi a hawa. Man haidirolik ɗin yana ta zafi ba hutu, ga ƙurar nan da kika ambata wani ɓangarenta filtar iska take komawa. Lokacin sanyi kuma inji baya kaiwa zafin da yake buƙata da wuri, hita ma bata ɗumama gaba sosai.

Labari mai daɗi shine alamar ki tafi nuna wuta ce bata kaiwa, kamar yadda na yi bayani a sama. A fara da fis, sai soket ɗin da ke jikin solonoid ko ya zare ko ya yi tsatsa, sai wayar da ta goga da ƙarfe ta tsinke, sai sansar da wayarta ta fita. A auna nadin solonoid ɗin da mita, in ya nuna a yanke yake to shi kaɗai za a canza. A kuma gwada kashe esin gaba a gani, dan wasu motocin da gangan suke tada fanka in an kunna shi. Sau da yawa a irin wannan ba a kaiwa ga sayen kwantirola.

TAMBAYA: Oga wane mai ake zubawa a tankin fankar? Na ga nawa ja ne, na abokina kuma kamar man inji.

AMSA: Duka biyun ana samu ɗan'uwa. Wasu masu shasin man giya na otomatik suke sawa irin Dexron, shine jan, wasu man inji 15W-40, wasu kuma man haidirolik zalla irin AW46. Abinda aka rubuta a jikin tankin ko a littafin shasin shi zaka bi, kar ka bi na abokinka, kuma kar ka gauraya. In ka sayi motar hannu ne baka san me mai ita na da ya zuba ba, ka juye duka ka canza filta ka fara sabo.

TAMBAYA: Salam Malam. Bayan na canza kwantirola ina ganin ɗigon mai a ƙasa amma na rasa daga inda yake fita, na shafa hannu a tiyoyin inji na aiki ban ji komai ba. Ya zan gano wajen?

AMSA: Wa alaikas salam. Dan girman Allah kar ka sake shafa hannu a tiyon haidirolik inji na aiki, ko da safar hannu. Ƙarfin man da ke layin nan yana kaiwa dubban PSI, wato ma'aunin ƙarfin matsi, in fanka ta ɗau gudu, in akwai ɗan huji kamar bakin allura man yana fita siriri ido baya gani, ya huda fata ya shige cikin tsoka. A waje ɗan ɗigo zaka gani kamar ƙaya ta soke ka, zafin ma da farko ba yawa, amma a ciki man yana kashe nama, mutane sun rasa yatsu har hannu ta haka. Duk wanda hakan ta same shi asibiti zai tafi a take, ya faɗa musu a fili cewa man haidirolik ne ya shiga da ƙarfi kuma ya faɗi irin man, dan aikin tiyata ne na gaggawa, ba a jira a ga ko zai kumbura.

Yadda zaka gano yoyon: ka kashe inji, ka wanke wajen ka busar, ka tada na ɗan lokaci ka kashe, sai ka bi kowane haɗi da farar takarda ko tishu kana farawa daga sama, dan mai yana bin jikin tiyo ya gangara ya ɗiga a wani waje daban. In dole sai inji na aiki, kwali zaka riƙe da doguwar filaya ka kara kusa da tiyon, da tabarau a idonka, jikinka nesa da fanka. Tunda yanzu ka yi aikin, zargina na farko zoben roba ne, ko an maida tsohon ko sabon ya cije wajen ɗauri. In shine, ƙara matse notin ba zai tsayar dashi ba, sai ka kwance ka sa wani zoben daidai girmansa, ka duba bakin ƙofar ko ya tsage, ka ɗaura, ka sake duba man tanki kafin ka hau hanya.